Larry Brown: Ɗan kwana-kwanan da ya rubuta yaƙin da bai je ba

MAI karatu, ba ni aron hankalin ka in ba ka labarin wasu maza biyu 'yan gari ɗaya. Garin shi ne Oxford, amma ba na Ingila mai tsohuwar jami'ar nan ba. Wannan wani ɗan ƙaramin gari ne a Jihar Misisipi, can kudancin Amurka, ƙasar auduga da zafin rana da talauci.

Na farkon su shi ne William Faulkner. A cikin 1918 ya tsallaka Kanada ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila a matsayin ɗalibi, sai kuma yaƙin duniya na farko ya ƙare tun bai gama horo ba. Amma gogan naka ya dawo gida sanye da kakin hafsa, ya na ɗingishi da sanda, ya na ba jama'a labarin yadda jirgi ya faɗo da shi. Zuƙi-ta-malle ce tsagwaron ta. Hakan kuwa bai hana shi zama gawurtaccen marubucin da ya ci kyautar Nobel ta 1949 ba.

Na biyun shi ne Larry Brown. Shi ya shiga soja da gaske a cikin 1970, rundunar kundumbala ta Marin, a lokacin da yaƙin Biyetnam ke cin samarin Amurka. Ya yi shekara biyu a cikin kaki, amma ba a taɓa tura shi fagen fama ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Duk da haka, a 1989 ya fitar da littafi mai suna Dirty Work, wato Ƙazamin Aiki, wanda a nawa ganin ya na cikin ƙagaggun labarai mafi taɓa zuciya da aka rubuta kan abin da wannan yaƙi ya yi wa waɗanda su ka dawo.

Mu kan ce gani ya kori ji. To shin marubucin da ya ji kawai, bai gani ba, ya na da hurumin ya rubuta? Kuma in ya rubuta, ina zai dace, ina zai zame? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauko maka wannan mutum a wannan wata.

An haifi Brown a ranar 9 ga Yuli, 1951. Mahaifin sa manomi ne marar gona, ya na noma ta wani a raba amfani. Tsohon sojan yaƙin duniya na biyu ne, ya dawo da abin da ya dawo da shi a cikin ƙirji, ya rungumi kwalba, ya rasu Larry na ɗan shekara 16. Yaron bai yi wani abin kirki a makaranta ba, har ma ya faɗi darasin Turanci a ajin ƙarshe na sakandare, sai da ya maimaita. Ka ji fa, darasin Turanci! Bayan ya ajiye kaki a 1972 ya dawo gida, a 1973 ya shiga aikin kwana-kwana na garin Oxford, ya kai muƙamin kyaftin, bai bari ba sai a 1990. Albashin ba ya isa, don haka ranakun hutu ya kan yi aikin ƙarfi iri-iri: fenti, ɗaukar ciyawar shanu, dashen itatuwa, da kashe itatuwa da guba. Riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo gare shi.

Sai a 1980, ya na ɗan shekara 29, ya jawo tafiretar matar sa ya fara rubutu. Shi da bakin sa ya sha faɗa cewa ba wani babban buri ba ne ya tura shi. Ya ga irin su Stephen King su na kwasar kuɗi, ya ɗauka shi ma zai buga labari ya aika birnin New York, su aiko da caki. Littafin sa na farko labarin wata dabbar dawa ce mai cin mutane a gandun dajin Yellowstone, wurin da bai sani ba, dabbar da bai sani ba. Aka dawo masa da kayan sa. Ya sake wani, aka dawo da shi. A taƙaice sai da ya rubuta littattafai biyar da gajerun labarai kusan 100, mafi yawan su ba wanda ya karɓa, har ɗaya daga cikin littattafan ya cinna masa wuta da hannun sa. Labarin sa na farko da ya ga ɗab'i, a 1982, ya fito ne a Easyriders, mujallar masu hawan manyan babura, kuma labarin wani mai noman tabar wiwi ne. Sai a 1987 wata edita mai suna Shannon Ravenel, ta kamfanin Algonquin, ta ci karo da wani labarin sa a wata mujallar adabi, ta rubuto ta na tambaya ko akwai wasu. Ya ce akwai wajen ɗari. A 1988 tarin labaran sa na farko, Facing the Music, ya fito.

Daga wannan gwagwarmaya ya gina ra'ayin sa game da rubutu, wanda ya yi ta nanatawa a hirarraki da kuma littattafan sa biyu na tarihin kai, On Fire na 1994 da Billy Ray's Farm na 2001. A wurin sa rubutu sana'a ce kamar gini ko kafinta. Sai ka yi zaman yaron shago na shekaru, ka ɓata katako mai yawa, kafin ka iya haɗa kujerar da za a zauna a kai. Waɗancan littattafai biyar da su ka mutu, a ganin sa ba asara ba ne, kuɗin makaranta ne. Dabarar sa ta biyu kuma ita ce ka jefa tauraron ka cikin masifa tun a shafin farko, sannan ka yi ta jibga masa kaya har ka ga inda zai karye ko ya miƙe.

Na yarda da rabin maganar. Babu shakka marubucin da ya ke ganin duk abin da ya fito daga alƙalamin sa ya cancanci zuwa maɗaba'a, ya kamata a karanta masa labarin wannan ɗan kwana-kwana sau uku. Amma cewa naci kaɗai ke yin marubuci, a nan kam Brown ya yi wa kan sa rowar yabo. Mutane nawa su ka yi shekara takwas su na bugun tafireta ba su zama komai ba? Abin da ya ke da shi, wanda naci ba ya sayo wa mutum, shi ne kunne. Ya iya sauraro. Kuma ka lura, bai fara dacewa ba sai da ya bar dajin Yellowstone ya dawo kan mutanen da ya san yadda su ke magana.

KUNNEN nan shi ya haifi Dirty Work. A lokacin da ya ke soja an ajiye shi a barikin Marin da ke Filadelfiya, inda ya riƙa haɗuwa da waɗanda aka kwaso daga Biyetnam, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa. Ya zauna da su, ya ji hirar su, ya ajiye a ran sa kusan shekara ashirin. Ga kuma mahaifin sa, wanda shi ya sadaukar wa littafin. Wato Brown bai ga yaƙi ba, amma ya girma a gida ɗaya da ragowar yaƙi.

Nan ne ya nuna wayo. Bai ce zai kai mu dajin Biyetnam ya nuna mana jarumta irin ta finafinan Rambo ba. Akwai 'yan wuraren da ake tuna harbe-harbe, amma gajeru ne. Kusan duk labarin a ɗakin asibitin tsofaffin sojoji ya ke, a kan gadaje biyu. A kan ɗaya akwai Braiden Chaney, baƙar fata, wanda harsasai su ka raba da hannaye da ƙafafu duka huɗu, ya shekara 22 kwance. A ɗayan aka kawo Walter James, farar fata, wanda yaƙi ya wargaza wa fuska, ga ɓarɓashin ƙarfe a ka da ke sa shi faɗuwa ya suma ba zato. Dukkan su 'yan Misisipi ne, dukkan su 'ya'yan talakawa da su ka san tsinkar auduga. Su na shan giyar da wata nas mai suna Diva ke shigo masu da ita a ɓoye, su na hira. Babi ɗaya muryar wannan, babi ɗaya muryar wancan. Sannu a hankali sai ka gane abin da Braiden ke fako: ya na so Walter ya kashe shi, tunda shi ba shi da hannun da zai yi da kan sa.

Wanda ya kalli One Flew Over the Cuckoo's Nest na Jack Nicholson, fim ɗin 1975, zai ji ƙamshin inda aka dosa. Bambancin shi ne Braiden ba wanda hankalin sa ya gushe ba ne. Mutum ne mai wayo, mai ban dariya, mai imani kuma, har a cikin tunanin sa ya na zama da Yesu su na muhawara kan ko abin da ya ke nema zunubi ne. Shi ya sa abin ya ke da nauyi. Littafin bai yi wa kowa wa'azi ba, bai kuma ce abin da aka aikata daidai ne ba. Ya bar ka da shi kamar yadda ake barin mutum da gawa a ɗaki.

Inda Brown ya fi burge ni shi ne ƙananan abubuwa. Ya san mutumin da ba hannu sai an riƙe masa sigari, sai an sa masa tsinken zuƙa a kwalba, sai ya jira wani ya share masa fuska. Ya san yadda maza biyu ke kewaye magana awa da awanni kafin su taɓo ta. Ba daga littafi ya samo wannan ba. Mutumin da ya yi shekaru ya na zaro jama'a daga cikin motocin da su ka yi haɗari, kamar yadda ya bayyana a On Fire, ya san yadda jiki ke lalacewa, ya kuma san irin barkwancin da masu wannan aiki ke yi don kada su haukace. Ka ga ashe ba ji kaɗai ba ne. Ya gani, sai dai a kan titunan gundumar Lafayette ya gani, ba a Biyetnam ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin littafin ya na da inda ya ke yoyo. Na farko, yadda budurwar Walter, Beth, ta mutu. An tara haɗuwar tsautsayi har ta yi yawa: ga mota a cikin kwari, ga ruwan sama ya kawo ambaliya, ga suman Walter ya zo daidai wannan lokaci. Kai ka ce fim ɗin Indiya ne na shekarun 1970. Wannan ita ce illar dabarar jibga kaya. In ka ɗora wa jaki fiye da kima, mai kallo zai daina tausayin jakin, ya koma kallon mai lodin. Marubucin ya buƙaci Walter ya rasa komai kafin ya amince da roƙon Braiden, sai ya kashe yarinyar don biyan wannan buƙata. Kuma wannan ciwo ne da ke bin mata a yawancin littattafan sa: su ne ake duka, su ne ake cuta, domin a motsa zuciyar wani namiji.

Na biyu ya shafe mu kai-tsaye. Braiden ya kan tsere daga gadon sa ta hanyar tafiye-tafiyen zuci, ya ga kan sa a Afirka, a ce ba a taɓa kwashe kakannin sa bayi ba. Wace Afirka ke nan? Ta zakuna da mashi da garken shanu, wadda ba gari, ba kasuwa, ba makaranta. Afirkar silima. Mai kare Brown zai ce ai talakan Misisipi da aka haifa a wancan zamani ba shi da wata Afirka sai wadda ya gani a majigi, don haka kuskuren na Braiden ne, ba na marubucin ba. Hujja ce mai ƙarfi, na kuma karɓe ta zuwa wani matsayi. Sai dai na lura cewa duk inda Brown ya rubuta abin da kunnen sa ya ji, muryar Braiden ta kan fito da rai, amma da an shiga dajin zakuna sai ta zama ta aro. A nan ba wanda ya ba shi labari, kuma ya nuna. Dabbar Yellowstone ce ta sake leƙowa.

Mai son kwatanci ya tuna Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, wanda shi ma ya tambayi abin da tsohon soja ke zama bayan an ce yaƙi ya ƙare. Gagare ya bi hanyar bindiga da ta'asa, Brown ya bi ta gado da hira.

SAI batun gida. Duk marubucin da ya fito daga Oxford, inuwar Faulkner na kan sa, ko ya so ko ya ƙi. Faulkner, wanda ya rasu a 1962, ya ɗauki gundumar Lafayette ya sake mata suna Yoknapatawpha, ya cika ta da manyan gidaje da su ka rushe, da zunubin bauta, da jimloli masu tsawon igiyar guga. Brown ya rubuta ƙasa ɗaya, hanyoyi ɗaya, amma mutanen sa su ne waɗanda ke zaune a gidajen tirela, su na aikin yini, su na yawo a akori-kura da yamma da sanyin giya a bayan kujera. Jimlolin sa gajeru ne, kalmomin sa na kasuwa. Bai taɓa ƙaura zuwa New York ba ko da ya yi suna. Ya ɗan fita koyarwa ya dawo, ya ci gaba da zama a karkarar Yocona da Tula, ya na kiwon kifi a tafkin sa, ya na gina wata 'yar bukkar rubutu da hannun sa. A Billy Ray's Farm akwai dogon bayani kan wahalar da su ka sha da shanun ɗan sa, karsana ta kasa haihuwa, a yi ta fama cikin dare, a ƙarshe a yi asara. Duk Bafulatani ko manomin da aka fassara wa wannan babi zai gyaɗa kai.

Ban ce wannan riƙon gida ba shi da farashi ba. Akwai shafuka, musamman a tarin Big Bad Love na 1990, da za ka gaji da buɗe gwangwanin giya. A sha, a tuƙa mota, a yi nadama, a sake sha. Gaskiya ne haka rayuwar ta ke, amma ba duk gaskiya ce ke riƙe mai karatu ba. An mai da wannan littafi fim a 2001, Arliss Howard ya ba da umarni ya kuma fito tare da matar sa Debra Winger, amma fim ɗin bai yi wani tasiri ba.

Wanda ya dace masu kallo su nema shi ne Joe, littafin 1991 da David Gordon Green ya mai da fim a 2013. Ka tuna aikin kashe itatuwa? To shi ne sana'ar Joe Ransom, tsohon fursuna mai zafin zuciya. Kamfanin katako na so a kawar da itatuwan daji na asali don a dasa masu saurin girma, sai Joe ya kwashi lebura su bi daji su na sara su na ɗura guba. Wani yaro ɗan shekara 15, Gary, ya zo neman aiki, ga shi da uba mashayi mai suna Wade, wanda ke ƙwace ɗan abin da yaron ya samo, wanda kuma ba abin da ba zai sayar ba don kwalba, har 'ya'yan cikin sa. Brown bai tsaya ya ce maka dajin nan da ake kashewa misalin mutanen ba ne. Ya nuna maka aikin kawai, yadda ake yin sa da abin da ake biya, domin ya yi shi da hannun sa.

Nicolas Cage ne ya fito a Joe. Waɗanda su ka san shi a Face/Off da Con Air za su yi mamakin yadda ya kwantar da kai a nan, ba zare ido, ba ihu sai inda ya zama dole. Tye Sheridan, wanda ya fito a Gary, ya ci kyautar matashin ɗan wasa a bikin finafinai na Venice a shekarar. Wanda ya rubuta tsarin fim ɗin, Gary Hawkins, ya san Brown sosai, don shi ya yi fim ɗin tarihin sa a 2002. Duk da haka ina da ƙorafi biyu. An ɗauke fim ɗin a Teksas, ba a Misisipi ba, kuma ga marubucin da ƙasar sa ita ce rabin labarin sa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Littafin ya buɗe da iyalin Wade su na tafe a ƙasa a kan kwalta mai zafi, ɗauke da komatsan su, ba su san inda za su kwana ba, fim ɗin kuwa ya yar da wannan. Sannan an ɗaure ƙarshen tamau irin yadda masu kallo ke so: mugu ya faɗa daga kan gada, jarumi ya ba da ran sa, yaro ya gaji mota ya koma dashen itatuwa. Brown bai saba sallamar mai karatu da irin wannan kwanciyar hankali ba.

Shi dai bai ga fim ɗin ba. Bugun zuciya ya kashe shi a gidan sa a ranar 24 ga Nuwamba, 2004, ya na da shekara 53. Ya bar wani babban littafi bai ƙarasa ba, A Miracle of Catfish, wanda Shannon Ravenel ta fitar a 2007 tare da 'yan bayanan da ya bari na yadda ya so ya rufe shi.

In ka samu fim ɗin, ka sa ido kan dattijon da ya fito a Wade. Sunan sa Gary Poulter, kuma ba ɗan wasa ba ne. A kan titin birnin Austin masu neman 'yan wasa su ka tsinto shi, ba shi da gida, ya na fama da shaye-shaye. Akwai wurin da Wade ya bi wani marar galihu irin sa saboda kwalbar giya, ya zauna kusa da shi, ya ja shi da hira cikin lallami kamar tsohon aboki, sannan ya kashe shi ya ɗauke kwalbar. A duk tsawon fim ɗin nan ne kaɗai na ji kamar shafin Brown na ke karantawa, kuma ko Cage bai kai nan ba. An tsinci gawar Poulter a bakin wani tafki a Austin cikin Fabrairu 2013, watanni kafin a fara nuna fim ɗin.